Ma'aunin Baba Tsoho

Sallah ta matso, kuma mun san a garuruwa da yawa yara maza sun fara tanadin abin da zai yi ƙara. Shi ya sa muka ga ya dace mu ba ku labarin wani ɗan guntun ƙaho da ke gidanmu, da abin da ya same mu ranar da muka raina shi.

Mu huɗu ne jikoki maza da muka taso a gaban kakanmu, a wani ƙauye da ke kudancin ƙasar Kano. Mu uku sa'o'in juna ne, na huɗun ya girme mu da shekara uku, shi muke kira Yaya. Kakan namu maharbi ne, ɗan maharbi. Baba Tsoho muke ce masa. Shi kuwa ba ya kiran kowannenmu da suna sai "abokina", in kuma tsokana ta motsa ya ce mu ne ɓarayin da ke neman ƙwace masa mata, Kaka tana gefe tana dariya.

Bindigarsa irin ta gargajiya ce, wadda ake ɗurawa ta baki. Wasu na ce mata bindigar toka, wasu harba-ka-ruga, domin harbi ɗaya take yi, in ka kuskure sai ƙafa ta cece ka. Turawa suna kiranta bindigar Denmak, saboda 'yan kasuwar ƙasar suna cikin masu shigo da irinta ta gaɓar tekun Gana, inda suka riƙe gidajen ciniki har zuwa 1850 da suka sayar wa Ingila. Ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye masu bindiga a cikin masu tsaronsa. Ta Baba Tsoho gado ce daga mahaifinsa. An naɗe gindinta da fata, hannu ya goge katakon har yana sheƙi.

Ba ya ɗura ta a gida. In kaka ta wuce, an gama girbi, hunturu ya shigo, da asuba yakan tashe mu mu raka shi da gorar ruwa zuwa wata kuka da ke ƙarshen gonaki. Nan yake zama ya yi ɗuri, mu kuma mu tsaya bayansa, ba gaba ba, ba gefe ba. Zai buɗe ɗan tandun da yake ajiye albarushi, ya jawo wani guntun ƙahon gada da ke rataye a wuyansa da igiyar fata. Tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Zai cika shi, ya share bakinsa da yatsa har ya yi daidai, ya rufe tandun ya ajiye shi can nesa, sannan ya juye abin da ke cikin ƙahon a bindiga. Sai tsumma, sai harsashi, sai wani tsumman, yana danna kowanne da siririyar sandar ƙarfe, ya kau da bakin bindigar daga fuskarsa. Duk tsawon aikin nan ba ya magana, ba ya amsa gaisuwa.

A wurinmu abin ban haushi ne. Mu ƙara muke so. Wata rana Yaya ya ce masa, "Baba Tsoho, wannan ɗan mitsitsin ne kawai? Ku ƙara mana, a ji ta har gari."

Bai amsa ba sai da ya gama. Sannan ya ce, "Abokina, ƙara ba ta kashe gada. Mahaifina ne ya yanka ƙahon nan daidai cikin wannan bindigar. Ka rage, ka ji wa dabba ciwo ta tafi ta mutu a banza. Ka ƙara, bindiga ta ci mai ita."

Akwai sauran dokokinsa da muke gani kamar tsufa ne kawai. In ya yi harbi ba ya sake ɗuri nan take, sai ya jira, domin yana cewa wuta takan yi kwanton ɓauna a ciki. Ba ya zuba albarushi kai tsaye daga tandu. Ba ya harbin dabbar da ke tafe da ɗa, kuma da zarar damina ta faɗi yakan rataye bindiga, ya ce lokacin haihuwar daji ne. Duk ranar da ya yi harbi sai Kaka ta ɗora ruwan zafi ya wanke cikin bindigar, ya busar, ya shafa mai. Kafin nama ya shiga tukunya kuwa sai ya bi shi da wuƙa ya tsince duk wata dalma da ta maƙale.

Wadda ta fi ba mu mamaki ita ce ta yamma. Sau da yawa yakan wuni a daji bai ga abin da ya cancanci harbi ba, domin ko a lokacin namun daji sun ja baya. Gwanki da kanki da yake ba mu labari ba mu taɓa ganinsu ba, sai zomo da fakara da zabin daji, gada kuwa sai an yi sa'a. In ya dawo da ɗurinsa, ba ya shiga gari da shi. Akwai wani suri kusa da kukar nan, a cikinsa yake sauke harbin. Da mun ji ƙara daga wajen surin gab da magariba, sai Kaka ta ce, "To, mazajena, yau ma miyar lami ce." Mukan ce asarar albarushi ce. Shi kuma ya ce gara asarar albarushi da bindiga mai ɗuri ta kwana a gidan da ke da yara.

Shekarar da abin ya faru Yaya yana aji biyar na sakandare, mu muna aji biyu. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya shiga makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna. Kullum da safe sai ya yi gudu ya zagaye gari. Ranar hawan Sallah mun je garin hakimi mun ga masu bindigar fada suna sakin wuta sama, hayaƙi ya turnuƙe, mata na guɗa, dawakai na zabura. Muka dawo kanmu ya ɗau zafi. Samarin wata unguwa suka ce washegari da yamma za a haɗu a bayan gari a ga wanda tasa za ta fi ƙara.

Yaya ya aro bindiga a wurin wani abokinsa mai gadin gona. Ƙirar maƙera ce, da bututun ruwa aka yi ta, ta daɗe a jingine a bukka. Saura albarushi. A nan ne namu hannun ya shigo, kuma wannan ne ɓangaren da muka daɗe ba ma son faɗa. Baba Tsoho ya tafi masallaci sallar la'asar. Ɗayanmu ya tsaya a zaure yana gadi, ɗaya ya ɗauke wa Kaka hankali da surutu, na ukun ya shiga ɗaki ya ɗebo daga tandu ya ƙulle a takarda. Ƙahon awo ba ya nan, yana wuyan mai shi. Ba mu ma damu ba. Mun sha ganin yadda ake yi, muna ganin mun iya.

A bayan gari Yaya ya zuba a tafin hannu ya juye. Wani yaro daga ɗaya unguwar ya yi dariya ya ce wannan ko kaza ba za ta firgita ba. Yaya ya dube mu. Da a ce ɗayanmu ya girgiza kai, wataƙila da ya tsaya. Mu ukun nan muka haɗa baki muka ce, "Ƙara, Yaya! Ƙara!" Ya ƙara. Muka sake cewa ya ƙara, ya juye sauran duka.

Ƙarar da muka ji ba irin ta Baba Tsoho ba ce. Wani irin tsagewa ne, kamar an fasa tulu a cikin kunne. Da hayaƙi ya washe muka ga Yaya a durƙushe ya riƙe hannun hagu, bututun ya dare kamar rake, daidai inda yake riƙe da shi. Yaran da suka taru duk suka watse. Wani mai babur da ke wucewa ne ya naɗe hannun da rawaninsa ya ɗauke shi zuwa asibiti. Likitoci sun ceci hannun, amma babban yatsa da mai bi masa sun tafi, kunnen hagu kuma har yau ba ya ji sosai. Wani ɓallin ƙarfe ya wuce ta saman kan ɗayanmu ya kafe a jikin bishiya. Washegari muka je muka gan shi, muka kasa cire shi da hannu.

Da hukuma ta zo bincike, Baba Tsoho ya fito da takardar izinin bindigarsa, ya nuna ba tasa ce ta fashe ba. Da aka tambayi inda albarushi ya fito sai ya ce, "Nawa ne. Ni ne ban kulle ba." Bai dube mu ba. Kwana uku yana zirga-zirga, gari ya ɗauka da cewa tsohon maharbi ya yi sakaci ya nakasa jikansa. Mutumin da ya shekara hamsin yana farauta ko ƙwarzane bai taɓa yi wa wani ba, shi ake nunawa da baki a kasuwa. Mu kuwa muka yi gum. Tuwo ba ya wucewa, barci ba ya zuwa.

A dare na huɗu muka same shi a zaure muka durƙusa muka faɗi komai, har da "ƙara" ɗin da muka yi ta cewa. Mun zaci bulala. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Na sani tun ranar. Sawun ƙafarku na gani a ɗaki. Jira nake in ga ko maza na haifa." Sai ya ce mu tashi mu je mu faɗa wa iyayenmu da bakinmu, mu kuma nemi gafarar Yaya. Wannan ya fi bulala zafi. Yaya ya yafe mana. Ya ce hannunsa ne ya zuba, ba namu ba. Amma mun san muryar wa ya bi.

Da aka koma makaranta labari ya riga mu isa. Malamin kemistiri bai yi mana faɗa ba, sai ya mai da abin darasi ga ajin gaba ɗaya. Ya ce a ƙasar Sin aka fara haɗa albarushi, fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kuma sunan ma daga Larabci muka aro shi, kamar yadda muka aro bindiga da harsashi. Abin da ya bambanta shi da itace ko kananzir shi ne ba ya jiran iskar waje kafin ya ci wuta, yana ɗauke da tasa iskar oksijin a cikin sinadarinsa. Shi ya sa ko an toshe shi a bututu yake ƙonewa cikin ƙiftawar ido, ya zama iska mai tsananin zafi da ke neman hanyar fita. In harsashi ne ya fi sauƙin turawa, shi zai fita. In bangon bututun ne ya fi rauni, nan za ta fasa.

Ya ƙara da cewa fiye da rabin albarushin gargajiya ba ya zama iska, hayaƙi da toka yake komawa. Tokar nan tana jan laima, ta ci ƙarfe daga ciki inda ido ba ya gani. A nan muka fahimci ruwan zafin Kaka, muka kuma tuna bindigar aro da ta shekara a bukka ba wanki. Ya ce bayan wani mataki, ƙarin albarushi ba ya ƙara wa harsashi wani gudun kirki, bututu kawai yake ƙara wa wahala. A Ingila tun 1813 aka kafa wani gida a birnin Bamingam wanda aikinsa gwada bututun bindiga da ɗurin da ya wuce ƙa'ida, a cikin ɗaki mai kariya, sai wanda ya jure ake buga wa hatimi a sayar. Bututun ruwa kuwa don ruwa aka yi shi, ba wanda ya taɓa gwada shi da wuta.

Sai ya ba mu labarin mafarautan Amurka, wanda shi ne ya fi tsaya mana a rai. Bindigoginsu na zamani ne, harsashinsu a haɗe yake zuwa: kwanson tagulla, da 'yar hular da ke tada wuta a gindinsa, da garin da ke ciki, da kan da ke fita. Da yawansu ba sa yar da kwanso bayan harbi. Sukan tsince shi su kai gida, su wanke, su duba ko ya tsage, su sake cika shi, domin kwanson ne ya fi tsada kuma yana jure amfani sau da dama. Dokar ƙasarsu ta yarda da haka. Wasu don sauƙin kuɗi suke yi, wasu don su sami harsashin da ya dace da bindigarsu, yadda barewa za ta faɗi da harbi ɗaya ba tare da ta sha wahala ba.

Garin da suke amfani da shi ba irin na Baba Tsoho ba ne. Marar hayaƙi ne, wanda wani masanin Faransa mai suna Paul Vieille ya fito da shi a 1884, kuma ya fi na gargajiya ƙarfi nesa ba kusa ba, har in aka zuba shi a bindigar toka tarwatsa ta yake yi. Saboda haka ba sa awo da ido ko da tafin hannu. Suna da ma'aunin nauyi da ake kira giren, wanda asalinsa nauyin ƙwayar hatsi ɗaya ne. Giram ɗaya ya ɗan haura giren 15, sikelinsu kuwa yana rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren. Kamfanonin da ke yin garin suna buga littattafai masu nuna iyakar da ba a wucewa ga kowane irin harsashi, bayan an gwada a ɗakin bincike. Mai hankali a cikinsu ba ya aikin yana hira, ba ya ajiye gari iri biyu a kan teburi ɗaya, kuma yana rubuta duk abin da ya auna.

Muna jin haka muka dubi juna. Ga mutum a wata duniya da sikeli da littafi, ga tsohonmu da bai taɓa shiga aji ba da guntun ƙahon gada, amma doka ɗaya suke bi. Dukansu sun san abin da ke hannunsu ba ya karɓar uzuri. Mu da muke zuwa makaranta, muna haddace ma'aunai don jarrabawa, mu ne muka auna da ihu.

Akwai kuma maganar doka da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta raba bindigogi gida uku, kuma bindigar toka tana cikin lissafin, ba abin wasa aka ɗauke ta ba. Dokar ta shafi harsashi, ta shafi ƙera bindiga ba da izini ba. Ga kuma halin da ƙasa take ciki. A da in an ce 'yan bindiga, masu sakin wuta a hawan Sallah ake nufi, yau kuwa kalmar ta zama abin tsoro. Ba mu manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, suna hanyarsu ta dawowa Kano daga Fatakwal don yin Sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motar da suke ciki. Allah ya jiƙansu. In manya masu sana'a sun gamu da irin wannan zalunci, ina ga yaron da aka gani da bindigar aro a bayan gari?

Ba muna cewa farauta abin kunya ba ce. Sana'ar iyaye da kakanni ce, tana da sarautunta kamar Sarkin Baka, tana da ladubbanta. Wanda ya gaje ta kuma yake sonta, ya zauna gaban masu ita ya koya a hankali, da izinin hukuma, in shekarunsa sun kai. Abin da muka yi ba farauta ba ce. Gasar ƙara ce, kuma maharbin gaske ba ya shiga irinta.

Yaya bai shiga soja ba, domin akwai gwajin lafiyar jiki da ba zai iya wucewa ba. Shekara guda bai yi gudun safe ba. Daga baya ya dawo da ƙarfinsa ya rubuta jarrabawar fita, yanzu yana karatun aikin jinya, ya ce ya ga abin da masu farin kaya suka yi wa hannunsa a daren nan. Yana ɗaura bandeji da yatsu takwas fiye da yadda wasu ke yi da goma. Amma duk ranar da sojoji suka wuce a mota, mukan ga yadda yake bin su da kallo, sai mu sunkuyar da kai.

Baba Tsoho ya yi farauta shekara biyu bayan nan, sannan ido ya fara gazawa, ya ce wanda ba ya bambance gada da ɗan akuya ba shi da hurumin ɗana kunama. Ya sa aka yi wa tandu akwati mai kwaɗo tun makon da abin ya faru. Ranar da ya rataye bindiga ya cire ƙahon daga wuyansa ya miƙa wa Yaya, ya ce, "Abokina, kai ka fi kowa sanin kuɗinsa." Yana nan a jikin makullan Yaya har yau.

Don haka 'yan uwa, ga roƙonmu a wannan Sallah. Kada ku taɓa albarushi, kada ku ari bindiga, kada ku tara garin abin wasan wuta ku cusa a kwalba ko bututu don ya fi ƙara, domin aikin duk iri ɗaya ne. In kun san inda ake shirin haka, ku faɗa wa babba, ko da za a ce muku matsorata. Mafi yawanku ba za ku taɓa riƙe bindigar ba, kamar yadda mu ma ba mu riƙe ba. A cikin masu kallo za ku kasance. In mai riƙe da ita ya juyo ya dube ku, ku tuna da mu, ku ce masa ya ajiye. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sa mu yi Sallah lafiya, mu koma aji da yatsunmu cikakku.